Rumfunan jiragen soja: tsoho da sabo, wa za ya biya kuɗin gyara?

Ranar 5 ga watan Agusta 2024 ne sojojin Amurka suka fita daga sansanin jiragen sama na 201 da ke Agadas, suka miƙa shi ga sojojin Nijar. Wata guda kafin nan, ranar 7 ga Yuli, sun tashi daga sansani na 101 na Yamai. Faransawa kuwa tun ranar 22 ga Disamba 2023 suka gama kwashe komatsansu, Jamusawa suka bi baya a ƙarshen Agusta 2024. An yi ta magana kan tafiyarsu, a rediyo, a fada, a cikin kasuwa, wasu na murna, wasu na ɗar-ɗar. Abin da ba a cika tattaunawa a kai ba shi ne abin da suka bari. Jiragensu sun tafi da abinsu, da makamai, da na'urorin asiri. Amma kwalta ba ta shiga cikin jirgi, gini ma ba ya shiga. Waɗanga gine-gine yanzu namu ne, kuma duk abin da ya zama naka, ɗawainiyarsa ta hau kanka.

Wani za ya ce, mi ya haɗa mai saida tumatir a kasuwar Dole ta Damagaram, ko mai shagon atamfa a Maraɗi, da ɗakin ajiyar jirgin yaƙi? Abu biyu ne. Na farko shi ne suna. Ɗakin da ake ajiye jirgi, da faransanci hangar ake ce masa, kuma wannan kalma ce dai ma'aikacin magajin gari yake rubutawa a takarda idan ya zo karɓar kuɗin rumfarki, ya Hajiya. Rumfa ce, ba wani abu ba. Aikinta shi ne ta tsare haja daga rana, da ruwa, da ƙura, da ɓarawo. Bambancin kawai, hajar da ke ƙarƙashin waccan rumfa guda ɗaya tana iya fin kuɗin layin kasuwa gaba ɗaya. Na biyu shi ne aljihu. Tun watan Oktoba 2023 da aka kafa asusun zumunci na ceton ƙasa, ana cire dala biyu a kiran waya, ana cirewa a tikitin mota, ga lanho, ga patanti, ga kuɗin duwan. Wanda yake biya yana da ikon ya tambayi inda kuɗinsa suke zuwa.

To, ƴan uwa, bari mu duba rumfunan su kansu.

Tsohuwar rumfar jirgi, irin wadda aka gada tun zamanin mulkin mallaka da shekarun farko na ƴancin kai, abu ce mai sauƙin ganewa: ginshiƙan ƙarfe masu kauri, rufin kwano, daɓen siminti, da ƙofa mai gudu bisa ƙarfe wadda mutum uku ko huɗu za su tura da hannu. Ba ta neman kuran kafin ta buɗe. Idan kwano ya huje, mai walda na cikin gari yana iya gyara shi. Idan an kula da fenti, tsatsa ba ta cin ƙarfen da wuri, musamman a ƙasa irin tamu da iska ba ta da danshi. Wannan ne ya sa har yau ake samun irin waɗanga rumfuna a tsaye a filayen jirage da dama na duniya, sun ga jiya, sun ga yau.

Amma tana da nata aibu, kuma ba ƙarami ba ne. An gina ta ne daidai jikin jiragen zamaninta. Jirgin ɗaukar kaya C-130, irin wanda Amurka ta ba Nijar a farkon shekarar 2021, faɗin fikafikansa mita 40 ne, wutsiyarsa kuma ta haura mita 11 a tsaye. Rumfar da aka yi domin ƙaramin jirgi ba ta ɗaukarsa, ko da kuwa ƙarfenta ya fi dutse ƙwari. Sannan ga zafi. Kowa ya san yadda shagon kwano yake zama da tsakar rana a watan Afrilu. Tsohon jirgi na jure wannan, domin yawancinsa ƙarfe ne da igiyoyi da mai. Jirgin yau ba haka yake ba. Jirage marasa matuƙa, kamar Bayraktar TB2 da Nijar ta sayo daga Turkiyya suka iso a 2022, cike suke da kwamfuta, da kyamara, da ƙananan na'urori masu ƙyamar zafi da ƙura. Ƙurar hunturu da ke shiga ta ƙarƙashin tsohuwar ƙofa, wadda mu muke sharewa da tsintsiya mu wuce, ita ce ke kashe idon kyamarar da aka saya da miliyoyi. Mai saida wayoyin salula ya san wannan magana, shi ya sa ba ya baza hajarsa a faifai kamar mai saida goro.

Sabuwar rumfa kuwa, wadda sojojin ƙasashen waje suka fi amfani da ita a Sahel, wani abu ne daban. Ƙasusuwanta na ƙarfe marar nauyi ne, an lulluɓe su da wani tanti mai kauri na roba. A cikin kwantena ake kawo ta, a haɗa ta cikin ƴan kwanaki ko makonni, babu dogon haƙa, babu jiran siminti ya bushe. Ba ta da ginshiƙi a tsakiya, saboda haka jirgi mai dogayen fikafikai, kamar MQ-9 na Amurka mai faɗin mita 20, yana shiga ba tare da gogar komi ba. Ana rufe ta ruf, a hura mata sanyi da inji, makanike ya yi aikinsa cikin haske ko da dare. A gefenta akwai ɗakunan kwana da ofisoshi na kwantena, kowane da injin sanyinsa. Wanda duk ya ga hotonta za ya ce ai wannan ita ce ci gaba, a rushe tsofaffin a kawo irinta ko'ina.

Nan ne muke cewa a yi hattara.

Wannan rumfa, don wa aka yi ta? An yi ta ne domin baƙon da ya san wata rana za ya tafi, kuma wanda aljihunsa ba ya jin kuɗin gazuwal. Sansanin Agadas, wanda aka fara ginawa a 2016, jirage suka fara tashi daga cikinsa a 2019, ya ci dalar Amurka miliyan 110, wato sama da miliyar 60 na sefa. Wannan kuɗin gini ne kawai. Kuɗin riƙe shi, kamar yadda jaridun Amurka suka sha faɗi, ya kai dala miliyan 30 a kowace shekara. Ku lissafa da kanku, ku da lissafi ne sana'arku: cikin shekara huɗu, kuɗin riƙo ya zarce kuɗin gini. Gaskiya ne cewa Nijar ba za ta kashe irin wannan ba, tunda ba mu shigo da abinci da ruwan kwalba daga ƙetare domin sojojinmu. Amma injin sanyi bai san tutar da ke bisa sanda ba. Ko Ba'amurke ne a ciki ko ɗan Tawa, kuran ɗaya yake sha. Ranar da gurup ya tsaya, rumfar tanti a zafin Agadas da ke haura digiri 40 tanda ce. Ranar da iskar farkon damana ta yaga tantin, ba telan cikin kasuwa za a kira ba, sai an yi odar irinsa daga kamfanin da ya ƙera shi, da kuɗin waje, kuma daga ƙasar da wataƙila ba mu ga maciji da ita a ranar. Rana kuma tana cin roba, kowace mai tallar da ke shimfiɗa tampol ta sani. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Waɗanga ba na aro ba ne yanzu, amma an ɗinka su ne daidai jikin wani.

Kuma mun riga mun ga misali a cikin ƙasarmu. A Madama, can kusa da iyakar Libiya, Faransawa sun kafa sansani na zamani a 2014, da filin saukar jirgi, da tantuna, da kwantena, a gefen tsohuwar ganuwar da kakanninsu suka gina tun wajen 1930. A 2019 suka dakatar da aikin sansanin, suka kwashe abin da ke kwasuwa. Shekara biyar kenan. Gini na wucin gadi ba laifi ba ne idan mai shi ya san na wucin gadi ne. Laifin shi ne wanda ya gada ya ɗauka gidan zama ne.

Akwai kuma wata magana da ta fi zafi da ƙura nauyi, wato tsaro. Tsohuwar rumfar kwano da sabuwar rumfar tanti, dukansu ba su tare harsashi. Akwai rumfa ta uku, wadda ake zubawa da kankare mai kauri, kamar an kifa ƙwarya, kowace tana ɗaukar jirgi guda, da ƙofar ƙarfe mai nauyi. Yaɗuwarta ta faro ne daga wata safiya. Ranar 5 ga Yuni 1967, jiragen Isra'ila suka faɗa wa filayen jiragen Masar, cikin ƴan awoyi suka lalata jirage kusan 300, yawancinsu a ƙasa, a jere, ko tashi ba su yi ba. Bayan wannan ne ƙasashen Turai da na Gabas ta Tsakiya suka duƙufa gina ɗakunan kankare. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 aka ga cewa bom mai linzami yana huda su, Iraƙi ta yi asarar da yawa, sai wasu suka ce zamaninsu ya wuce, kashe kuɗi ne kawai. Shekaru da dama aka koma ajiye jirage a fili ko a ƙarƙashin inuwa marar nauyi.

Yau magana ta sake juyawa. Ranar 1 ga Yuni 2025, Yukiren ta ɓoye ƙananan jirage marasa matuƙa 117 a cikin manyan motocin kaya, ta kai su kusa da filayen jiragen Rasha, suka tashi suka ƙona manyan jiragen yaƙi da ke ajiye a fili. Kowane ɗaya daga cikin waɗanga ƙananan abubuwa bai kai kuɗin tsohuwar mota ba. Ba ya iya huda kankare, amma tanti da kwano ba komi ba ne a gabansa. Rufin da aka raina a 1991 ya dawo da daraja, domin maharin yau ba shi da bom mai linzami, abin da yake da shi ɗan ƙaramin abu ne da ake sayowa a kasuwa a ɗaura masa nakiya. Kuma ba sai mun je Turai ba. A watan Nuwamba 2004, sojojin Faransa sun lalata jiragen Sukhoi biyu na Kodibuwa suna ajiye a filin Yamusukuro. A daren 28 zuwa 29 ga Janairu 2026 kuwa, mutanen Yamai da ke kusa da filin jirgin Diori Hamani sun kwana suna jin ƙarar bindiga, lokacin da aka kai hari a filin da sansani na 101, har harsasai suka taɓa jiragen fasinja da ke ajiye. Jirgi a sama zaki ne. A ƙasa kuwa, tulin ƙarfe ne marar kauri cike da mai.

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin abin da ake nufi da tara dukiya wuri guda ƙarƙashin rufi mai cin wuta. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 aka buɗe sabuwa. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012, ba ta dawo wurinta ba. Duk lokacin da aka yi gobara, abin da ake gani ɗaya ne: rumfuna manne da juna, babu hanyar motar ƴan kwana-kwana, babu ruwa a kusa. A filin jirgi ma haka take. Babbar rumfa guda mai ɗaukar jirage biyar tana da kyau a hoto ranar da minista ya zo yanke ƙyalle. Ƙananan ɗakuna biyar na kankare, kowane nesa da ɗan uwansa, da tudun ƙasa a tsakani, ba su da kyan gani ko kaɗan, amma idan ɗaya ya kama wuta huɗu suna nan.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, gardamar tsoho da sabo ba ita ce gardamar ba. Ƙasar da ba ta da jirage masu yawa, kuma kowane ɗaya da gumin talaka aka saye shi, ba ta da halin yin ado. Abin da ya kamata shi ne a ba kowace rumfa aikin da ta iya. Tsofaffin da ƙarfensu ke da rai, a canja masu kwano, a toshe ƙofofi, a sa masu silin da za ya rage zafi, su zama wurin gyara da ajiyar kayan aiki. Da tsohuwar zuma ake magani. Sababbin da aka gada, a zaɓi waɗanda ake bukata da gaske domin jirage masu na'ura, a riƙe su da kyau, sauran a kwance su a adana tantin da ƙarfen domin gyaran waɗanda aka bari, maimakon a bar su duka rana na ci, ana zuba gazuwal domin sanyaya ɗakin da ba kowa a ciki. Idan kuma za a yi sabon gini, to a yi na kankare, da simintin Malbaza, da maginan ƙasa. Babu wani asiri a zuba kankare da ya fi ƙarfin injiniyoyin sojanmu da ƴan kwangilarmu. Ga rana kuma Allah ya ba mu ita kyauta: tashar hasken rana ta Gorou Banda ta fara aiki a 2023, a shekarar da Najeriya ta yanke mana wuta muka ga abin da dogaro da wani yake jawowa. Rufin rumfar jirgi fili ne babba, mi za ya hana a shimfiɗa masa faranti?

Sai dai duk wannan ba ya yiwuwa sai da abu guda da muka fi rauni a kansa, wato gyara. Mu mutane ne masu son buɗe sabon gini, ba mu son komawa mu duba shi bayan damana uku. Ku dubi asibitoci, ku dubi makarantu, ku dubi famfunan da aka kafa a ƙauyuka da kiɗa da rawa. Alhali a Agadas ɗin nan, a cikin gari, ba nisa da sansani na 201, hasumiyar babban masallaci tana tsaye, mita 27 na laka zalla, ɗaruruwan shekaru. Ba ƙarfin laka ya tsayar da ita ba. Itatuwan da kuke gani sun fito daga jikinta, matakala ce ta magina, domin su hau su yi mata yaɓe lokaci zuwa lokaci. Waɗanda suka gina ta sun sa hanyar gyara a cikin ginin tun ranar farko. Kuma mun ga a watan Satumba 2024 yadda ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni na Damagaram. Damanar waccan shekara ta nuna mana cewa ruwan da ake yi yanzu ba irin wanda aka saba ba ne, kuma ba ya tambayar ko gini na soja ne ko na farar hula.

Mun san abin da za a ce: wannan sirrin tsaro ne, ba maganar jarida ba ce. Mun yarda akwai sirri. Ba mu ce a gaya mana jirgi nawa ke kwana a wace rumfa ba, ba mu son sani ma, kuma duk mai ɗaukar hoton irin waɗanga wurare yana yaɗawa a WhatsApp ba masoyin ƙasa ba ne. Amma kuɗin buhun siminti ba sirri ba ne. Kuɗin kwano ba sirri ba ne. Mun taɓa ganin inda aka fake da wannan kalma. A watan Disamba 2019 an kashe mana soja 71 a Inatas, a watan Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Ba a gama zaman makoki ba sai ga binciken ma'aikatar tsaro ya fito, yana maganar miliyar 76 na sefa da suka salwanta ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Ranar 15 ga Maris 2020, lokacin da jama'a suka fito a Yamai suna neman a hukunta masu hannu, wuta ta tashi a kasuwar Tagabati, aƙalla mutum 3 suka rasu, shaguna suka ƙone. Ƴan kasuwa ne suka biya kuɗin farko, su ne kuma suka biya na biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kwangilar gini a bayan waya mai ƙaya, inda babu mai shiga ya ƙirga buhu, tsaga ce babba.

Saboda haka muna kira ga magabata da su sa a ƙidaya abin da aka gada a Agadas da Yamai, a rubuta halin da kowane gini yake ciki, a ware masa kuɗin gyara a cikin kasafin kowace shekara, layi guda da masu binciken kuɗin ƙasa za su iya dubawa ba tare da an tona asirin soja ba. Idan za a ba da kwangila, a ba da ita ta hanyar gasa, masu bincike su san farashin. Kuma kada a manta da mutane. Shekara da shekaru akwai ɗiyan Agadas da na Yamai da suka yi aiki a cikin waɗanga sansanoni, masu gyaran injin sanyi, masu gyaran gurup, masu walda, masu jan wayar wuta, direbobin manyan injuna. Sun san wane inji ne ke tari da safe, sun san inda ruwa ke taruwa idan an yi marka. Da baƙi suka tafi, da yawa daga cikinsu aikinsu ya tsaya. A nemo su, a tantance su, a mayar da waɗanda suka cancanta bakin aiki, a haɗa su da samarin sojan sama su koya masu, tun kafin su watse zuwa wuraren haƙar zinariya na Jado ko su tsallaka Libiya neman abinci.